Kawu Inuwa da 'Yan Hana Barci

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Kawu Inuwa mai katifa a Sheshe ya san ba a yi masa magana idan rediyo ta fara sanarwar rasuwa. Baƙo sai ya ɗauka tunanin lahira yake yi. Ina! Jira yake ya ji ko wani mawaƙi ya mutu. Da an ambaci sunan sai ya ajiye allura, ya dafe kai.

"Innalillahi! An yi rashi! Kai, irin wannan murya an gama yin ta."

"Kawu, ba shi ne ka ce yana kuka kamar akuya ta maƙale a shinge ba?"

"Lokacin bai nuna ba. Ni ba na cin ɗanye."

Washegari zai shiga kasuwa neman kaset ɗin mamacin, ya dame mu da shi har mu da muke son mutumin tun yana raye mu tsane shi. Haka wan mahaifiyata yake. Mawaƙi bai isa ya burge shi ba sai an yi masa sallah.

Amma babu waɗanda ya yi wa wannan hali kamar 'yan Hana Barci. Yaran yanzu ba su san su ba. Samari ne su shida, da gita biyu da ganguna da ƙaho, shugabansu Garba Gita. Kafin su yi suna, a soron da ke manne da shagon Kawu suke gwaji, bango ɗaya ne tsakani. Shekara da shekaru suna yi masa kiɗa kyauta, shi kuwa yana toshe kunne da audugar katifar mutane. In abin ya ishe shi sai ya ɗauki sandar da yake bugun auduga ya yi ta dukan bango. Ya kai ƙararsu wajen mai unguwa har mai unguwa ya fara ɓuya in ya hango shi. Bai huta ba sai da aka kore su daga soron, ranar har goro ya raba.

Suka tafi suka yi tashe. An yi lokacin da in ba su ne suka yi kiɗan biki ba, amarya ba ta jin an ɗaura mata aure. Kawu bai je ko ɗaya ba. Daga baya aka shiga yayin yaro ɗaya da fiyano ya yi aikin mutum shida, Hana Barci ta watse, kowa ya kama gabansa.

Sai da gemun Kawu ya yi fari fat, rannan muna cikin adaidaita za mu dubiya Kabara, direba ya saki wani tsohon kiɗa. Na ga ƙafar Kawu tana motsi. Muka iso, na sauka, shi ko gezau.

"Baba, an zo," in ji direba.

"Ni ban zo ba. Ja mu je, waƙar ba ta ƙare ba."

Har Gwammaja aka kai shi. Mara lafiyar da muka je dubawa sai da ya warke ya zo da kansa ya duba Kawu.

Ya sa aka tura masa waƙoƙin a katin memori, ya saya wa katin rediyo ta musamman. Da na gaya masa ko su waye, ko kunya babu ya ce, "To, da ma! Ai a jikin bangona suka koya. Ni na raine su." Daga ranar babu mai sayen katifa ya fita bai sha wa'azi ba: yaran yanzu ba su iya kiɗa ba, kiɗa ya mutu tare da Hana Barci, kuma mutanen Kano ba su san darajar nasu ba. Mutanen Kano fa, in ji Kawu!

Akwai waƙa ɗaya da ya fi so, cikin na farko-farko da suka ɗauka da rakoda a soro. Can tsakiyarta akwai wani bugu mai kauri da yake shigowa, dum, dum, dum, ya ɗauke, ya sake dawowa da ƙarfi. Nan ne Kawu yake rufe ido ya ɗaga yatsa.

"Ku ji! Ku ji wannan hannu! Wannan ba koyo ba ne, baiwa ce. Duk ƙasar nan babu makaɗin da zai yi wannan."

Rannan matarsa, Iya Asabe, ta kawo masa abinci shago ta tarar yana wannan yabo. Ta tsaya ta saurara, ta ce a mayar mata baya. Aka mayar.

"Malam, wannan ai kai ne."

"Ni wa?"

"Kai da sandarka. Ƙara sautin can ƙarshe."

Aka ƙara. Ƙasa-ƙasa, bayan ƙaho ya yi shiru, ga muryar Kawu tun tana da ƙarfi: "Ku yi mana shiru, 'yan banza!" Mu dai muka zube a kan katifu. Kawu ya shafa gemu, sannan ya ce, "Shi ya sa. Ni ma na ce hannun nan ba na yaro ba ne."

Daga nan ya ɗauki kansa cikon na bakwai, ya kuma ɗauko rigimar da ta ci masa sauran kwanansa: sai ya ji su da kunnensa, ba a kati ba, ko sau ɗaya kafin ya mutu. Da farko dariya muke yi. Da muka ga yana rama, ciwon ƙirji ya fara kama shi, kuma bai daina maganar ba, sai na shiga nema. Uku sun rasu. Mai ganga ya zama ladan, ya ce in na sake tuna masa zai haɗa ni da Allah. Mai ƙaho babu haƙori ko ɗaya, ya gwada hurawa don ya nuna min, abin da ya fito gara kar in faɗa. Saura Garba Gita, yana Gwammaja wajen 'yarsa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Kawu ya sa babbar riga muka je. Ya durƙusa, dattijo da shi, ya fara jero yabo. Garba yana kallonsa da ido ɗaya a kanne.

"Malam Inuwa, ban mutu ba fa. Ko an yi sanarwa ne ban ji ba?"

"Haba, Malam Garba. Ni dai waƙa ɗaya nake roƙo."

"Da muna yi maka safe da yamma kyauta, auduga ka sa. Yanzu da hannun ya tafi kake so? Je ka jira sanarwata, ka fi iya wannan."

Kawu ya tashi ya kakkaɓe babbar rigarsa, muka kamo hanyar gida. Ban taɓa ganin an rufe masa baki ba sai ranar, kuma wallahi ban ji daɗi ba.

Da jikin Kawu ya yi tsanani har ya daina fitowa, sai ga adaidaita ta tsaya a bakin lungu da hantsi, an riƙo Garba. Ya ƙi shiga gida. Ya ce a buɗe masa soron nan, wanda yanzu buhunan gawayi ne a ciki, a kuma kawo Inuwa shagonsa a ba shi sandarsa.

"Ta bango ya saba ji na. Ta bango zai ji."

Muka kwantar da Kawu a kan katifa jikin bango. Daga can Garba ya fara, babu gita, babu ƙaho, murya duk ta tsage. Hawaye yana bin kuncin Kawu har cikin kunnen da ya sha auduga. Da aka zo wajen bugun, Garba ya dakata yana jira. Kawu ya ɗaga sanda da kyar, sai da shirun ya yi tsawo sannan muka ji dum.

"Ka makara!" in ji Garba ta bango.

"Kai ne kake sauri! Sake!"

Suka sake. Suka yi ta sakewa suna zagin juna har aka kira azahar.

Kawu bai yi wata ba bayan nan ya cika. A wajen zaman makoki Garba ya zauna kusa da ni, ya ce, "Na san ya tanadi yabon da zai yi min ranar da na mutu. Har na ƙosa in ji. Mutumin da ya makara a komai, sai a wannan ya riga ni." Ya juya fuska yana goge ido da hannunsa mai lafiya.

Rediyon tana nan a shago, katin yana ciki. Ina kewarsa ƙwarai, har da zagin. Allah Ya jiƙan Kawu Inuwa, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Ranar da za a buɗe ƙofar rahama, ya Allah, Ka sa shi cikin na farko.