Hannun Baba a Kwarmin Dutsen Saliyo

Jama'a, abin da zan faɗa maku wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. 'Yan shekaru ne bayan an sami mulkin kai, lokacin ina saurayi ina ɗaukar buhu a gidan gurzar auduga a Funtuwa, a can na musulunta, a can kuma na haɗu da wani Alhaji mai fataucin goro wanda ya ce zai tafi da ni Saliyo in riƙa kula masa da kaya.

Ni asalina ɗan Maguzawa ne daga wata 'yar unguwa bayan Mahuta. A bayan gidanmu akwai wasu manyan duwatsu da suka hau kan juna, a tsakiyarsu akwai wani kwarmi da ruwa ba ya ƙafewa a ciki ko da bazara, zurfinsa bai wuce gwiwa ba. To al'adar gidanmu, duk wanda zai yi tafiya mai nisa, sai ubansa ya kai shi wurin, su durƙusa, kowa ya tsoma hannun dama, uban ya kama hannun ɗan a ƙarƙashin ruwa ya ce masa je ka ka dawo. Shi ke nan fa, ba yanka, ba komai.

Da na je sallama, Baba ya tashi ya yi gaba, na bi shi, 'yan gida suka biyo mu. Ya durƙusa da kyar, don gwiwa ta fara ba shi wahala, ya tsoma hannu ya ce, "Nomau, kawo hannunka." Nomau shi ne sunana na gida. Ni kuwa sabon shiga addini, kaina ya yi zafi, ina ganin na fi kowa sani, sai na ce masa a gaban mutane ni na bar wannan arnancin. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe hannunsa na cikin ruwa yana kallona, ni kuma na juya na kama hanyar tasha. Ko Alhaji da na ba shi labari a jirgin ƙasa sai da ya ce, "Kai, ba ka kyauta ba. Ko ba za ka yi ba, ai akwai yadda ake gaya wa uba." Abin ya tsaya mani a rai, kullum ina cewa in na koma zan ba shi haƙuri.

Daga Ikko muka shiga jirgin ruwa, na yi amai har na gode Allah. Mun kusa wata biyar a Saliyo, muna jiran jirgin da zai kwaso mu da goro, sai mai masaukinmu ya ce zaman ya isa haka, mu zo ya kai mu wani tsibiri mu sha iska. Muka shiga kwalekwalen masunta da hantsi, ni dai idona a rufe har muka isa.

Da na buɗe ido, gabana ya faɗi. Ga yashi fari fat, ga itatuwan kwakwa, amma duwatsun bakin tekun nan irin na bayan gidanmu ne sak, manya-manya masu ɗigo-ɗigo irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, sun hau kan juna. Teku ya janye ya bar ruwa a kwarmin duwatsun, tas kamar a kwano, kana ganin 'yan kifaye da ƙaguwa a ƙasa. Su Alhaji suka zauna a inuwa ana fasa masu kwakwa, ni kuma da azahar ta yi sai na zagaya bayan wani dutse in yi alwala.

Rana tsaka ce fa, ba dare ba, ba kuma barci nake ba. Na durƙusa bakin wani kwarmi na ɗebo ruwa na kurkure baki, sai na ji ba gishiri. Ruwan daɗi ne, mai sanyi, da ɗan warin gansakuka, irin wanda na sha tun ina yaro. Na lura kuma ƙarar teku ta ɗauke gaba ɗaya. Na duba cikin ruwan, maimakon inuwar kwakwa sai na ga rassan ɗorawa, kuma wallahi a tsibirin nan kaf ban ga ɗorawa ko ɗaya ba.

Da ina da hankali da na tashi. Amma na ce ido ne ke yi mani gizo, na sake tsoma hannun dama. Sai aka kama ni.

Ba kifi ba ne, ba ciyawa ba ce, hannun mutum ne mai kaushi da kantar fartanya, kuma yatsu uku gare shi. Baba yatsu uku gare shi a dama, bindiga ta taɓa fashe masa a farauta. Riƙon ba na mugunta ba ne, bai ja ni ba, ya dai riƙe ni kamar yadda ake riƙe hannun wanda aka daɗe ba a gani ba. Na ji an ce, "Nomau," a hankali, daidai kunnena, kuma a duk ƙasar Saliyo babu mai sanin wannan suna, har Alhaji.

Tsoro ya kama ni, na yi salati na fizge hannuna da iyakar ƙarfina har na faɗi da baya. Nan take ƙarar teku ta dawo. Na duba kwarmin, ba kowa sai 'yan kifaye, na ɗanɗana ruwan, gishiri zalla. Zoben azurfar da na saya a kasuwar Funtuwa, wanda na sa maƙeri ya yi wa zane uku a ciki, babu shi a yatsana. Alhaji da masunta suka taya ni lalube, kwarmin da bai fi tabarma faɗi ba, ba mu gan shi ba. Alhaji ya dube ni ya ce, "Me ka gani ne jikinka ke rawa haka?" Na ce masa zazzaɓi ne.

Sai bayan wata biyu na iso gida, na sauka Funtuwa ko kwana ban yi ba na wuce, da turmin alawayyo da ƙwaryar goro na Baba, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. Tun daga bakin shinge na ga an rushe rufin ɗakinsa, yadda ake yi a gidanmu in mai ɗaki ya rasu, na san abin da ya faru.

Inna ta zaunar da ni ta ba ni ruwa. Ta ce tun ranar da na tafi, kullum rana tsaka sai ya ja gwiwarsa ya hau dutse ya tsoma hannu, wai ɗansa ya tafi ba a sallame shi ba, hanya ba za ta yi masa kyau ba. 'Yan gida har sun gaji da hana shi. Ta ce, "Ran nan sai ya dawo da wuri, ya zauna nan inda kake. Na ce lafiya? Ya ce, na kama hannun Nomau, ya sake ƙwacewa." Daga nan bai ƙara hawa dutsen ba, bai ƙara cin abin kirki ba, bayan kwana tara ya rasu.

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma ta ajiye mani a tafin hannu, ta ce a hannunsa ya dawo da shi ranar. Tun kafin in kwance na san ko mene ne. Zoben azurfa ne, na juya cikinsa, ga zane uku.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce in bar zancen kawai in yi ta istigfari. Ni dai ban sani ba, kuma ban bar addinina ba, a kansa nake fatan cikawa. Abin da na sani shi ne sau biyu tsohon nan ya miƙo mani hannu. Na hau dutsen nan na bayan gidanmu ni kaɗai na tsoma hannuna har la'asar, ba abin da ya taɓa ni sai sanyin ruwa.

Zoben na nan a akwatina, ban ƙara sa shi ba. Har yau in zan yi alwala a buta nake yi, ba na iya tsoma hannu cikin ruwan da ke kwance. Ku kuma masu iyaye da rai, don Allah in za ku yi tafiya, ko me ya haɗa ku, kada ku fita ku bar hannunsu a miƙe.