Darasin Turanci a Rumfar Hatsi

Shekarata ta biyu a makarantar boko Baba ya ce ya isa haka, in dawo rumfa in kama awo. Hatsi yake sayarwa a kasuwa, mu kuma muna zaune Ƙofar Dundaye. Abin da ya ɓata masa rai, ya ga wani ɗan ajinmu ya gai da dattijo a tsaye, da takalmi a ƙafa. Ya ce shi bai haifi ɗan da zai yi masa haka ba. Ni kuwa, wallahi, ina son karatun nan kamar raina.

Malaminmu na Turanci ɗan siriri ne, ba ya ɗaga murya. A lokacin muna fama da ɗan harafin nan na Turanci "a", mai nufin ɗaya, wanda ake sa wa akuya a ce "a goat", amma a hana wa gero da gishiri da ruwa. Kai, ya ba mu wuya! Mu dai ko'ina muka samu sai mu liƙa shi.

Da Malam ya ji ba zan dawo ba, bai aika a kira Baba ba. Sai ga shi da hantsi ya taso ajin gaba ɗaya zuwa kasuwa. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, yara suka tuɓe. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba, ya ce, "Baba, aron rumfa munka zo, in an yarda."

Baba ya matsa masu.

Nan Malam ya zauna a ƙasa, Baba na bisa buzu. Ya sa kowa ya ɗebi gero ya ƙirga. Muka yi ta dariya, wa zai iya? Ya ce to, abin da sai an auna, Bature ma ba ya ce masa ɗaya, sai dai ya ambaci mudun ko buhun. Duk tambayar da ta shafi awo sai ya juya ya ce, "Ko ba haka ba, Baba?" Har suka tashi bai ambaci maganata ba, ko kallona bai yi ba. Ban taɓa ganin mutum mai sanin darajar mutane irinsa ba.

Sun yi sallama sun juya ke nan, ina tsaye da mudu a hannu, hawaye na neman zubowa, sai Baba ya karɓe mudun.

"Malam!" ya kira shi. "Kun bar ɗaya. Wanga yaro amana ne, kai da Allah."