Ranar da Baba Wanzam ya mayar da ƙaho

Jama'a, a gyara tsayuwa, ga babban likitan kawunan jama'a na kasuwar Kurfi! Asibitinsa tabarma ce a gindin dalbejiya, kayan tiyatarsa duk suna cikin zabira. Ban san sunansa ba, Baba Wanzam kowa ke ce masa. Siriri ne, tabaransa ɗaure da zare, kuma ba ya ɗaukar aska sai ya laluba kan mutum kamar mai zaɓen kankana. Ina jin kawunan da yatsun nan suka shafa sun fi na rumfar mahauta yawa.

Ga wani manomi an riƙo daga Ɗantutture, ya faɗo daga babur, ƙeya ta kumbura. Ƙanensa na cewa, "Baba, a kafa masa ƙaho a tsotse mataccen jinin, gobe huɗa gare mu."

Tsohon ya ciro ƙaho, sannan ya ɗaga fatar idon mutumin ya daɗe yana kallo.

"Ya yi amai?"

"Sau biyu. Sai barci yake ta ji."

Ƙaho ya koma zabira. "Jinin nan ƙarƙashin ƙashi yake. Kakana ya kafa ma irin wannan ƙaho, mutumin bai kwana ba. Ku nemi mota yanzu, a asibiti ake huda ƙoƙon kai."

Suna tafiya na matso. "Haba Baba Likita, yau digirin ya ƙare ke nan?"

Ko ɗagowa bai yi ba, yana ta wasa askarsa.

"Matsa, ka tare mani haske."