Mayafin Hajara a Kasuwar Lihafi

Gwarzo zuwa Kano

Ranar Talata, ƙarfe huɗu da rabi na asuba, na bar Gwarzo, ni Audu Tela mai aji biyu na yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya tuhumi malamin da ya sallame ni da wuri.

A zaure uwargida Hajara ta danƙa mini wani ƙunshi.

"Malam, ka kai wa Dije hannu da hannu. Amana ce."

Dije ƙanwarta ce. Gwaggonsu ta tafi da ita Makka a ƙasa tana 'yar shekara goma, yau shekara talatin ba su ga juna ba. Na leƙa ƙunshin: mayafi ne na ƙyallaye, ɗinkin hannu. Ni tela ne, na san tsumma in na gan shi. Amma na ce to.

Mil arba'in da 'yan kai a bayan akori-kura, ni da buhunan gyaɗa. A Kano aka duba fasfo, aka duba takardar allura, Alhamis da hantsi jirgi ya ɗaga. Batun aikin Hajji na bar wa malamai, sun fi ni baki.

Jidda, unguwar Nuzla

Da muka sauko daga Makka, mijin Dije, Alhaji Sale direban tasi, ya ɗauko ni. Gida ga darduma, ga fanka na juyi. Dije ta kawo shayi da shinkafa da kifi.

"Mijin Yaya, ashe tsoho ta aura! Ina saƙona?"

Na dubi dardumar nan, na tuna tsumman nan. Na ce yana can ƙasan akwati, sai na huta.

Asabar, bakin teku

Ƙarfe tara Sale ya ce, "Yalla, Alhaji, zo ka ga ɗinki, kai da kake tela." Tafiyar minti ashirin ce. Ashe alhazan ƙasashe, kafin su hau jirgin ruwa, sukan baje barguna masu auduga a ciki, waɗanda ake kira lihafi, su sayar.

Jama'a, na ga abin da ya fi ƙarfin aji biyu. Igiyoyi ne aka ja, an rataye lihafi kamar garun gari, ka shiga wannan lungu ka ɓulla wancan, ba iyaka. Na Turkawa yana sheƙi kamar an zuba masa mai. Na Indiya da 'yan madubai, na ga fuskata sau ɗari, ko ɗaya ba ta yi kyau ba. Na Buhara kuwa kore ne, an zana masa rumman da zare, har na kai hannu in tsinka. Wata tsohuwa 'yar Pakistan na zaune tana ɗinki, idonta na kan jama'a, allura na tafiya ita kaɗai. Na sa tabarau na nemi bakin zaren, ban samu ba. Shekara arba'in ina taka keke, ashe wasa nake yi.

Nan na yanke shawara irin ta masu ilimi: in sayi koren nan na Buhara, in ba Dije in ce daga yayarta, tsumma kuma ya yi zamansa a akwati.

Sale ya miƙo lema. Na ce wanda ya yi noma a Gwarzo ba ya gudun rana. Na kwankwaɗi ruwan ƙanƙara kofi uku. Muna tsakiyar ciniki sai rumman ɗin nan suka fara yawo, ƙasa ta taso ta same ni.

Kwana uku a kwance

Likita ya ce rana ce da masassara, ya soka mini allura. Haƙorana na kaɗawa, gidan kuwa ba bargo mai nauyi, don Jidda ba ta san sanyi ba. Dije ta buɗe akwatina neman abin rufa.

Litinin da safe na farka na ga tsumman a jikina, Dije na zaune riƙe da gefensa, fuska sharkaf.

"Wannan saƙin zanen Juma'ar Inna ne," in ji ta. "Wannan rigar Baba. Wannan shuɗin kuwa majanyin da aka goye ni da shi."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni na yanka da almakashina ban gane su ba. Iyayen nan duk sun rasu ba ta nan.

Na faɗa mata dabarata, don mara lafiya ba shi da ƙarfin ƙarya.

"Wallahi mijin Yaya, da ka kawo mini na Buhara, da a ka za ka mayar musu da shi. Halas, shi ke nan, ɗaga, ba ni kayana. Ka jiƙa mini Inna da gumi."

Gida

Laraba da la'asar na iso Gwarzo, na rame kamar allura. Hajara ba ta tambayi tsaraba ba.

"Ta gane majanyin?"

"Shi ta fi daɗewa a kai."

Sai ta shige ɗaki, ta bar ni da akwati a tsakar gida.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma kayar da ni kafin in gama cinikin nan. Alhaji Sale, Allah ya saka. A ƙarshe dai na karɓi lemar.