Awo uku a bakin wadirob

Ina tsaye Malam Ɗanjuma kafinta ya ciro tef zai sake auna bakin wadirob ɗin jikin bango da zai sa wa ƙofa mai ninkewa. Raina ya sosu, don tun jiya na tura masa awo.

Na ce, "Malam, ba ka yarda da awona ba ne?"

Ya ce, "Yallaɓai, ƙasa kaɗai ka auna. Irin wannan ƙofar sai an auna sama, tsakiya da ƙasa."

Ashe saman ya matse da yatsa biyu. Da ya bi awona, da katakon ya tashi a banza.

Ya shafa bangon ya girgiza kai. "Wanda ya yi filastar nan, Allah ya shirye shi."

Na ce amin. Ni na yi ta da hannuna.

Da ku ne, za ku faɗa masa?