Ranar da Baba ya warke na awa ɗaya

In na ce muku na taɓa ganin mutumin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu ya warke sumul na awa ɗaya cur, sannan ya koma ya kwanta, za ku ce na fara halin nawa. To ku ce. Ni dai da idona na gani, a falonmu da ke unguwar Mansur a Makka, kuma ko ranar da zan manta hanyar gidanmu ba zan manta wannan ba. Mutumin kuwa mahaifina ne.

A Makka aka haifi Baba, kakanmu ne ya zo da ƙafa ta Sudan ya zauna. Da ciwon ya kayar da shi, yayata ce ta ɗauki komai, don mijinta ya rasu ta dawo gida. Ita ke juya shi, ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka. Ni kuwa tasi nake ja, na fita da safe sai Allah ya dawo da ni. A haka bayanta ya lalace, har likita ya ce mata in ta ci gaba da ɗaga mutum ita kaɗai, to a shimfiɗa mata katifa kusa da tasa. Ranar nan ne na ji tsoro.

Sai aka gaya min akwai tallafin gwamnati ga tsofaffin da suka kwanta: gadon asibiti mai ɗagawa da kansa, ma'aikacin jinya mai zuwa gida, da ɗan abin hannu duk wata. Muna da takardun ƙasa, don haka na cike komai a waya, na tura takardar likita. Aka turo saƙo cewa mai bincike za ta zo ranar Talata ta ga mara lafiya da idonta.

Kuskurena na farko, na kai maganar wurin mai shayin layinmu. Wurin nan kowa lauya ne. Wani ya rantse masu binciken nan har cokula suke ƙirgawa. Wani ya ce buɗe tukunya suke yi, in suka ga nama shi ke nan, halas. Wani kuma ya rage murya ya ce, "Ka dai kula da maƙwabta. Ba a hana mutum sai da ɗan rahoto." Na koma gida ina kallon kowa a kaikaice. Na cire talabijin daga bango na sauke wa Hajiyar da ke ƙasanmu ajiya, na naɗe darduma, na bar falo kamar an yi mana sata.

Sai na zauna koya wa Baba karatu. Na ce, "Baba, in ta ce yaya jiki, nishi kawai za ka yi. Nishi mai tsawo."

Ya kalle ni da idon nan nasa mai lafiya. "Ina za su kai ni?"

"Babu inda za su kai ka. Gado za su kawo."

"Haka yaron gidan da ke kwanar layin nan ya ce wa ubansa. Yanzu yana gidan tsofaffi, sai an kaɗa ƙararrawa yake cin abinci."

Na rantse, na maya. Ya ce to. Da na san Baba da kyau, da wannan "to" ɗin ta hana ni sukuni.

Ranar Talata na ce bari na sauke fasinja ɗaya a unguwar Shisha na dawo. Cunkoso ya riƙe ni, matar kuma ta riga lokacinta. Tun daga matakala na ji ƙamshin turaren wuta, irin na ranar ɗaurin aure. Na tura ƙofa, sai na ja baya na sake duba lambar gida.

Darduma ta dawo, har da wata sabuwa da ban san ta ba. Ga gahawa, ga dabino, ga sambusa tana tururi. A tsakiyar falo kuma, bisa kujera, ga wani dattijo cikin farar jallabiya mai guga, an gyara masa gemu, ya sha kwalli, hula ta zauna daram. An jera matasai ta gefen da ya shanye, an rufe hannun da ƙaramin mayafi. Wallahi in ka gan shi za ka ce shi ya zo duba mu. Yaya tana tsaye jikin bango, ta dafe ƙugu, ta ƙi kallona.

Mai binciken wata mata ce da gilashi a bakin hanci, da allon rubutu a cinya. Ta kira shi baffa da Larabci, ta ce, "Ya ammi, yaya jikin?"

Na tsaya bayanta ina yi masa alama, ina buɗe baki kamar mai ciwon haƙori. Baba ya ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi sosai, 'yata."

"Kana iya tashi da kanka?"

"Da ikon Allah."

"Wa ke yi maka wanka? Wa ke kai ka banɗaki?"

Baba ya gyara zama da rabin jikin da ya rage masa ya ce, "Ni da kaina. Ki sha gahawa, za ta huce."

Mutumin da ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya kira Yaya! Na ce, "Ustaza, kar ki ji tasa, wallahi ko cokali—" Baba ya ce, "Ana magana da manya." Matar ta ɗago ta dube ni, ta dubi wayoyin da ke reto a bango inda na cire talabijin, ta sake dubana. Ban gama haɗiye yawu ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiyar ƙasa ce, da maza biyu suna nishi da talabijin ɗina.

"Ɗan nan, ga kayanka da ka kawo min ɓoyo jiya. Ai ba a yin baƙuwa bango tsirara, sai ta ce ba ku da komai."

Alƙalamin matar nan ya yi ta gudu kamar ana bin sa bashi da sanda. Tana fita, Baba ya sulale daga kan kujera, da ƙyar muka tare shi. Jallabiyar ta jiƙe sharkaf da gumi. Kwana biyu bai iya ko magana sosai ba.

Bayan sati saƙo ya zo: an dakatar da buƙata, bayanan gida sun saɓa wa takardar likita. Nan fa na zama ɗan sanda. Na zargi Hajiya, na daina gaishe ta da kyau. Na zargi wanzamin da ya gyara gemun, na ce wa ya biya shi. Na zargi wani ɗan baffanmu da ya taɓa nema aka hana shi. Har Yaya sai da na tsare na ce ko da bakinta. Ta ce, "Ina fita ɗauko magani ya sa aka kira masa wanzami da Hajiya. Ya ce in ban sa masa jallabiya ba bai yafe min ba. Kai da ka iya, me ya hana ka zama?" Ban yarda ba. Na fi son a ce maƙiyi ne, don maƙiyi ya fi sauƙin zagi.

Na ɗaukaka ƙara, muka shiga jira. Wata biyu Yaya tana ɗaga shi da bel ɗin asibiti ɗaure a bayanta, wani lokaci sallah ma a zaune take yi.

Wata ranar Lahadi bayan azahar ina wurin mai shayi, ina lissafa wa jama'a waɗanda nake zargi, na kai na bakwai, sai na hango matar nan mai gilashi tana shiga gininmu. Ba saƙo, ba sanarwa. Na zubar da shayi na bi ta a guje, ina cewa yau kam wani ya sake kai rahoto.

Na tarar da ƙofa a buɗe. Baba yana ƙasa a bakin banɗaki, zane kawai a jikinsa. Yaya ta durƙusa ta rungumo shi ta baya, ta kasa miƙewa, ta kasa sakinsa, hawaye na zuba ba sauti. Matar ta ajiye allonta ta kama ƙafafunsa, ta daka min tsawa, "Yalla, kama mana!" Muka kai shi shimfiɗa. Baba ya juya fuska bango. Duk da haka, da ta ce masa sannu, can ƙasa na ji ya ce, "Da sauƙi."

A bakin ƙofa ta ce min tun ranar farko ta ga bai taɓa ɗaga finjalin gahawarsa ba. Ta ce tsofaffin unguwar nan duk haka suke mata, ko ana ƙara musu ruwa za su ce lafiya lau, shi ya sa take dawowa ba sanarwa. "Shi ban taɓa zarginsa ba. Kai ne ban gane maka ba." Na ce na gode.

Ba a yi sati uku ba gado ya iso, ma'aikacin jinya namiji ya fara zuwa, Yaya ta samu ta fara zuwa asibiti ana gasa mata baya. Abin da na koya shi ne, dattijonmu zai yarda ya rasa gado, ya rasa magani, amma ba zai buɗe sirrin jikinsa gaban baƙo ba. Kuma duk wayon da na ɗauko daga titi bai ƙara mana komai ba sai wata biyu na wahala, a bayan wadda ba ta ji ba ta gani ba.

Amma bakina bai iya zama shiru ba. Ranar da aka ɗaura gadon, ina danna maɓalli ina ɗaga Baba sama ina sauke shi, na ce, "Ka gani ko, Baba? Da ka faɗi gaskiya tun farko, da tuni kana wannan lilon."

Ya bari sai da gadon ya tsaya cak, sannan ya juyo.

"In buɗe baki in gaya wa 'yar mutane cewa 'yata ce ke yi min tsarki? Ai ba asirina na rufa ba, naka na rufa. Da na faɗa, tambaya ta gaba ita ce: ina ɗanka namiji?"