Mushe Isaka da Bandin Inna

Mai karatu, in yabo kaɗai kake nema, ka ajiye takardar nan. Masu yabo sun cika ƙofar gidan mamacin. Ni ta'aziyya zan yi, amma ba zan yi ƙarya a kan kabari ba.

Ranar Talata, 14 ga Maris 1967, Allah ya karɓi ran Mushe Isaka Yakuba (Mushe na faransanci, wato Malam), mai shirin tarihin tsofaffi a radiyo, bayan jinyar wata biyu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Mushe Isaka, ba zan tauye maka haƙƙinka ba. Ka yi aiki. Na sha ganinka a kan ɗan babur ɗinka mobileti, na'urar ɗaukar magana ɗaure a bayanka, ka nufi Saga wajen tsofaffin manoman shinkafa waɗanda ƴan biro, ma'aikatan ofis na unguwar Plateau, ko gaishe su ba sa yi. Kana cire takalmi, ka zauna ƙasa, ka bar tsoho ya yi tari ya ci gaba. Wannan tarbiyya ce.

Da tarbiyyar nan ka shigo gidana shekara uku da suka wuce, ka ce kana son mahaifiyata, Inna Indo, ta ba ka labarin Damagaram ta dā. Ta ba ka na yunwa, da na farin ɗango, da waƙoƙin daka. Da ta gama, ka ajiye mikoro a kan tabarma, ta dama maka fura. Ita a saninta, ƙarfen nan ba ya ji sai an kara shi a baki. Kai ka san bandi, zaren ɗaukar magana, yana juyawa. Ka bar ta ta faɗa maka abin da ni ƴarta ban taɓa ji ba: cewa mahara ne suka kama uwarta tana yarinya, aka sayar da ita a bakin gishiri.

Ranar Juma'a ka sa shi a iska, da sunanta, da unguwarmu.

Ƴata Halimatou a lokacin an sa mata rana da yaron da take so. Kwana biyar bayan shirin, iyayensa suka aiko a karɓi kayansu, wai ba sa haɗa jini da bayi. A kasuwar Petit Marché, mai kifin da nake ciniki da ita ta ce mini, "Madam, ashe ke ma tamu ce? Duk wannan faransancin!" Ban ji kunyar kakata ba, ba ita ta sayar da kanta ba. Amma labarin na Inna ne, ita ke da ikon zaɓen kunnen da zai ji shi.

Na same ka a wajen aikinka. Ka miƙe, ka ba ni kujera, ka ce, "Madam, mun sami ƴancin kai, babu bawa kuma. Tarihi na ƙasa ne."

Na ce, "Mushe, a wace lakwal aka koya maka cewa abin da aka faɗa a bakin ƙwaryar fura na ƙasa ne? Ƙasar ce za ta auri Halimatou?"

Ba ka ba da haƙuri ba. Inna kuwa daga ranar ba ta ƙara yi wa jikokinta ko tatsuniya ba, har ta rasu bara. Ka je neman tarihi, ka rufe bakin mai shi. Halimatou tana ɗakina har yau.

Ranar sadakar uku, matarka Aisa ta zo gidana da bandin a naɗe cikin ɗankwali. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ya ce in kawo miki, ki yafe masa." Kana da shekara uku da ƙafafu biyu, sai da ka kwanta ka aiko mace mai takaba.

Na ce mata nawa na yafe, don ni ma ina neman gafarar Ubangiji. Na Inna yana tsakaninku, kun tarar da juna. Na Halimatou kuwa na tambaye ta a gaban Aisa, ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Ba zan tilasta mata ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa aikinka na ƙwarai ya rinjayi wancan. Allah ya ba Aisa da yaranta haƙuri, su ba su da laifi.

Bandin ban ƙona shi ba, don muryar Inna ba ta ko'ina sai cikinsa. Na tara yarana na kafa doka: duk ranar da Inna ta cika shekara da rasuwa, za mu ari na'ura mu saurare ta, mu kaɗai, kowa ya san sunan kakarsa ya ɗaga kai. Baƙo kuwa, ko daga ina ya fito, na'urarsa a zaure za ta tsaya. Shi ya shigo ya sha fura.